Littattafai Biyar na Aro

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Na kai matata Malama Shagari, gidan Inna, mahaifiyarta. Mota na ɗauka shata, na roƙi direba ya bi ramuka a hankali.

Likita ya ce jininta ya hau, sai kwanciya. Ba aiki, ba tsayuwa, ba hawa babur, sai kwanciya ta gefen hagu. Ya ce ta bar kallon waya, tunda haskenta ke tayar mata da ciwon kai. Saura mako goma sha ɗaya ta sauka, in ji shi. Ba mu taɓa kawowa nan ba. Sau biyu ba mu kawo nan ba.

A bayan littafin awo nake rubuta wannan. Ni tela ne, aji uku na sakandare na tsaya, rubutuna bai wuce kafaɗa da hannu da tsawo ba. Ita ta ce in riƙa yi. Da zan fito ta kira ni.

"Sama'ila, abin da ba ka iya hwaɗa min, hwaɗa ma takarda. Amma ka rubuta 'suka', ba 'sunka' ba."

Sunanta Habiba, ni dai Malama nake ce mata kamar yadda duk Bodinga ke cewa. Shekara tara tana koyar da Hausa a sakandaren 'yan mata. Ko a kwance ba ta fasa gyara.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Gidan ya yi girma. Na dafa shayi na mutum biyu ban sani ba.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan magariba

Na je Shagari. Littattafai uku da na kai mata ranar Litinin ta gama su, dama duk ta taɓa karantawa. Na huɗun mai kauri ne, ta ce hannunta yana sagewa in ta riƙe shi a kwance, rubutun kuma ƙanana, sai ta ga layukan suna hawa juna.

Na tambaye ta me take yi in ta ajiye.

"Ina ƙidayar azara," ta ce, ta nuna rufin ɗaki. "Ba kwanciyar ke da wuya ba. Tunani na. In babu littahi, sai in koma kan abin da ya hwaru bara."

Inna ta shigo da kunu, ta ajiye ta fita.

Ƙafafunta sun kumbura har takalmin wanka ba ya shiga. Amma takardun 'yan aji shida na gefen katifa, waɗanda suka aiko mata na hutu, duk ta bi su da jan biro. Ta ba ni in kai wa shugabar makaranta.

Da zan tafi ta ce akwai wata na'ura ta karatu kawai, ta taɓa gani a hannun yayarta Rashida, wadda ke aiki a ɗakin karatu na wata kwaleji a Sakkwato. Fuskarta kamar takarda, ba ta kashe ido. Ta faɗa ne kamar hira, ba ta ce in saya ba. Ba ta taɓa cewa in saya mata komai ba.

Talata, 12 ga Agusta, da azahar

Shamsuddeen mai waya, wanda shagonsa ke kallon nawa, ya ce ya san abin. Jiya ya shiga Sakkwato, yau ya kawo guda biyu na hannu, ya ce in je da su ta gwada, wadda ba ta so in maido.

Kowacce kamar tafin hannu biyu a haɗe, ba kauri. Ɗaya baƙa, ɗaya ruwan toka. Ya kunna baƙar a tsakiyar rana, sai na ga rubutu ɓaro-ɓaro kamar an buga da tawada. Na shafa da yatsa don in tabbatar ba takarda aka liƙa ba. Mutanen layinmu suka taru. Mai guga ya tambaya ko tana kallon ƙwallo. Shamsuddeen ya ce ba ta kira, ba ta hoto, ba ta komai sai karatu, kuma caji ɗaya yana kai ta mako uku. Mai guga ya ce to ai wannan ta fi mutane da yawa sanin abin da ya kawo ta duniya.

Ga yadda ya bayyana mini, na rubuta don kada in manta.

Baƙar ta fi rashin nauyi, ta fi sauri, fuskarta ta fi tsabta. Tana da kantinta na kanta a ciki, littattafai ba iyaka, ka saya ya zama naka. Amma daga kantin nan take son a saya, kuma na Hausa kaɗan ne a ciki.

Mai ruwan toka ta ɗan fi nauyi, akwai ƙarzuwa a bayanta, tana jan ƙafa kafin ta buɗe shafi. Tana da maɓalli biyu a gefe. Ana saye a cikinta, tana buɗe littafin da aka turo maka ba gardama, kuma in kana da rajista da ɗakin karatun da ke ba da aro, sai ka ari littafi daga inda kake zaune. Mako biyu. In wa'adi ya cika, littafin ya koma da kansa.

Na ce, "Ya koma ina?"

"Ya ɓace daga ciki. Ka duba ka ga wayam."

Na ce masa baƙar nake so.

Laraba, 13 ga Agusta, da safe

An auna ta a asibitin Shagari. Jinin ya ƙara hawa. An canja magani.

Jumma'a, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Na kai mata duka biyun bayan an sauko daga masallaci. Ban ga fuskarta ta yi haka ba tun watan jiya. Ta sa Inna ta ƙara mata filo, ta jera su a gabanta kamar ɗalibai biyu ranar jarrabawa.

Ta fara riƙe kowacce da hannu ɗaya a kwance, tana kallon agogo. Ta ƙara girman rubutun har harafi ya kai ƙwayar gyaɗa, ta rage. Ta sa na tura wani littafin Hausa da ta saya a wurin marubuciyarsa ta waya. A mai ruwan toka ya buɗe lafiya. A baƙar sai da muka sha zagaye kafin ya shiga, da ya shiga kuma wasu haruffa masu lanƙwasa suka fito kamar ƙananan akwatuna. Ta yi dariya har Inna ta leƙo.

"Wagga ba ta san bambancin ƙasa da kasa ba. Da ɗalibata ta, sai ta maimaita aji."

Na ce ai Shamsuddeen ya ce ana iya gyarawa. Na ce ta fi kyau, ta fi sauƙin riƙo, kuma abin da ka saya naka ne har abada, ba mai zuwa ya karɓe. Na ce ban ga amfanin abin da za ka saba da shi mako biyu sannan ka wayi gari babu ba. Muryata ta ɗaga ban sani ba. Inna ta saki labule.

Malama ta daɗe tana kallona. Ta ce in bar mata su zuwa Lahadi.

A mota na ji kunya. Na ɗaga murya a gidan surukai a kan na'ura.

Asabar, 16 ga Agusta, da hantsi

Na yanka shaddar mutum ba daidai ba. Hannu ɗaya ya fi ɗaya. Shekara goma sha bakwai ban yi haka ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan magariba

Ta zaɓi mai ruwan toka.

Ta ce da babban yatsa kaɗai take juya shafi, ba sai ta ɗaga ɗaya hannun ba. Ta ce tana da rajista a ɗakin karatun kwalejin su Yaya Rashida, tun da take karatun hutu a can, kuma sun yi waya, Yaya ta nuna mata yadda ake shiga. Muka jona ta da intanet ɗin wayata, a gabana ta ari na farko, wani ƙaton labari na Turanci. Ko minti ɗaya bai yi ba ya sauko. Littafi daga Sakkwato zuwa ɗakin Inna ba mota ba direba. Inna ta ce, "Ikon Allah. Mu da munka san aron turmi."

Da Inna ta fita, Malama ta ce in matso.

"Na san mi ke damunka da aron. Ni ma ya dame ni daren Jumma'a. Amma duba. Mako tara da 'yan kwanaki ya rage. In na ce mako tara, zuciyata ba ta ɗauka. In na ce littahi biyar, kowane mako biyu, wannan ina iyawa. Na gama ɗaya, ya koma, in ɗauko wani. Ba ni kallon gaba da haka."

Ni na je da shirin gardama. Na fasa. Mace tana kwance, fuska a kumbure, ita ke lallashin mai lafiya.

Litinin, 18 ga Agusta, da azahar

Na mayar wa Shamsuddeen baƙar. Ya ce Malama ta fi shi sanin kayansa. Ya ce yana da tarin littattafan Hausa a kwamfutarsa, sun fi ɗari uku, kyauta, in kawo ya zuba mata. Na kira ta ina murna.

"Waɗanda anka kwasa ba da sanin masu su ba? Ka yi mishi godiya, ka ce a'a. Matan da ke rubuta su, wata da goyo take rubutawa, wata bayan ta gama tuwo. In an ɗauki rigar da ka ɗinka ba a biya ba, mi sunan abin?"

Na faɗa wa Shamsuddeen kamar yadda ta faɗa. Ya sosa ƙeya, ya ce gobe ma rana ce.

Na auna na'urar, na ɗinka mata riga da ragowar shadda, na sa soso a ciki da madauri.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan la'asar

Gero ya fitar da kai tun daga Sifawa har Shagari, hanya kore shar. An yi ruwa muna tafe.

Na tarar da ɗakin cike. Inna da maƙwabta biyu zaune a tabarma, Malama tana karanta Turanci a zuci tana mayar musu da Hausa. Inna ta tsani wani mutum a labarin, ta ce in ta gan shi sai ta watsa masa ruwan kanwa. Ban so katse su ba, na zauna a bakin ƙofa har ta kai ƙarshen babi.

Ta kama hannuna ta ɗora a wurin. Na ji. Sau uku.

Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Lahadi, 31 ga Agusta, da yamma

Na farko ya koma yau. Ta gama shi tun jiya. Ta ari na biyu. Saura huɗu da wannan.

Ɗinkin Maulidi ya taru, ban je ba, waya muka yi. Muryarta ta yi nauyi. Ta ce barci ne.

Laraba, 3 ga Satumba

Ba barci ba ne.

Alhamis, 4 ga Satumba, da hantsi, Sakkwato

Jiya da walaha Inna ta kira ni. Ban gane abin da take faɗa ba sai sunana. Na bar shago a buɗe, Shamsuddeen ne ya rufe. Daga asibitin Shagari suka ce mu wuce Sakkwato, kada mu tsaya ko'ina. Mun wuce ta Bodinga, ta gaban layinmu, ban juya ba.

A motar ta ce tana ganin taurari. Ta ce ba ta ganin fuskata sosai. Sannan ta ce, "An ɗauko min na'urata?" Inna ta ce wace irin magana ce wannan yanzu. Ashe ta ɗauko, tana cikin zaninta.

Sun kwantar da ita, sun sa ruwa, sun yi allurai. Likita, wata mace mai gilashi, ta ce kowace rana da aka samu riba ce. Za su ja iyakar yadda za su iya.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan la'asar

Ba ta iya karatu. Ko an ƙara girman rubutun, ta ce hazo take gani.

Lokacin ziyara ƙarfe huɗu ne zuwa shida. Na same ta ta juya wa bango fuska. Ban taɓa ganinta haka ba, ko bara. Na zauna, na rasa abin yi da hannuwana. Sai ta miƙo na'urar ta baya ba tare da ta juyo ba.

"Karanta min."

Na ce Turancina ba zai kai ko'ina ba. Ta ce na biyun na Hausa ne, da gangan ta zaɓa saboda Inna.

Na ƙara girman haruffan kamar na ɗan aji ɗaya. Na fara. Ina tuntuɓe, ina komawa baya, gumi yana bin wuyana. Tun ina makaranta rabon da in yi karatu a fili, kuma ko a lokacin dariya ake yi mini. Shafi biyu sun ci mini kusan rabin awa.

Ba ta gyara mini ko kalma ɗaya ba. Wannan ne ya tsorata ni.

Litinin, 8 ga Satumba, bayan magariba

Yau ta gyara. Na ce "ya tafi" a inda aka rubuta "ya tafo", ta ce, "Koma. Tahiya da tahowa ba ɗaya ba ne." Na ji kamar an yi mini kyautar gida.

Matar gadon kusa da ita, wata 'yar Mandera, tun da aka kawo ta kuka take yi, ba mai zuwa wurinta sai wata tsohuwa. Malama ta ce in ɗaga murya don ita ma ta ji. Yanzu gado huɗu ke saurare. In na tsaya shan ruwa sai wata ta ce, "Malam, sai me ya faru?" Ni ake ce wa Malam.

Abincin da Yaya Rashida ke kawowa, rabi gadon kusa yake tafiya.

Alhamis, 11 ga Satumba, da safe

Sun ce ba za a ƙara jira ba, tiyata za a yi. Yau. Sun ba ni takarda na sa hannu, ban iya karanta ta ba duk da na kwana biyar ina karatu.

Da za a tura ta ta ce, "Mun tsaya inda ta buɗe wasiƙar. Kak ka wuce ni."

Alhamis, bayan azahar

Awa biyu da minti goma.

Alhamis, bayan la'asar

Ba ta farka ba tukuna. Sun ce haka yake yi wani lokaci. Abin da aka ciro kuma an wuce da shi wani ɗaki mai gilashi da gudu, ban ga komai ba sai tawul.

Asabar, 13 ga Satumba, da hantsi

Ta buɗe ido jiya, ta koma. An ƙara mata jini, nawa bai yi daidai ba, na Yaya Rashida aka ɗauka. Ina zaune a baranda. Inna tana jan carbi, ba mu kallon juna.

Lahadi, 14 ga Satumba, da azahar

Na buɗe na'urar don in tabbatar da wurin da muka tsaya. Wayam. Littafin babu. Wa'adinsa ya cika yau.

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na kira Yaya Rashida, wadda jiya-jiyan nan aka ɗebi jininta, ina ta faɗa. Na ce wane irin ɗakin karatu ne ba ya tausayi. Na ce ba ta gama ba, saura shafi arba'in, ta ce kada in wuce ta, yanzu in ta tashi me zan ce mata. Na ce tun farko na faɗa, na faɗa ba a ji ba. Mutane suna kallona a baranda. Can na ji muryata ta karye, na tsuguna a jikin bango.

Yaya ba ta katse ni ba. Da na yi shiru ta ce, "Sama'ila, ka gama? Littahin bai mutu ba, ya koma kan kantar ɗakin karatu ne kawai. Kunna intanet, ka sake danna sunanshi."

Na danna. Ya sauko. Ya buɗe daidai inda ta buɗe wasiƙar.

Na ba ta haƙuri. Ta ce in je in ci abinci, in wanke fuska, kada ƙanwarta ta farka ta ga dodo.

Litinin, 15 ga Satumba, bayan la'asar

Ta farka sosai. Ta gane kowa. Abu na farko da ta tambaya ba littafi ba ne.

Ba su yarda ta tashi ba, suka ce sai da keken marasa lafiya. Ta ce mako shida tana kwance, ƙafafunta suna da hakki a kanta. Ta dafa ni da hannu ɗaya, ɗayan yana kan ɗinkin, muka bi barandar taku ɗaya-ɗaya. Sau uku tana tsayawa, leɓenta ya yi fari, ba ta ce wayyo ba. Ni da na ɗinka riguna dubu, ban taɓa tunanin yadda wanda aka ɗinka yake ji ba.

Muka tsaya a jikin gilashin.

Ɗiya ce. Na rubuta. Ɗiya ce, tamu, tana numfashi da kanta tun jiya. Ƙafarta ba ta kai babban yatsana ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, da hantsi

An raɗa suna a masallacin asibiti, mu shida, da dabino da goro. Bahijja. Rago yana Shagari, Inna ta ce a yanka a raba, taro sai sun dawo.

Mun gama littafin jiya. Ita ta karanta shafi uku na ƙarshe da kanta, idon ya fara washewa. 'Yar Mandera an sallame ta da ɗanta tun Talata, amma ta bar lambar ƙanenta, ta ce a kira a faɗa mata yadda aka ƙare da mai wasiƙar. Malama ta kira, ta ba ta labarin tas.

Biyu aka samu cikin biyar. Na tambaye ta ko za ta ari na uku. Ta ce ta riga ta ara, na renon jariran da suka zo da wuri ne, kuma ni zan fara karantawa.

Asabar, 20 ga Satumba, bayan azahar, Bodinga

Ita ta koro ni. Likita ta ce Bahijja za ta ƙara kamar kwana goma a gilashi, tana shan nono da ɗan bututu, nauyinta ya fara ƙaruwa. Na ce zan zauna har a sallame su.

"Ka tahi ka buɗe shago. Maulidi ya wuce, mutane ba su sa sabbin kaya ba saboda mu. Ka je ka ba su haƙuri ɗaya-ɗaya, kak ka aika."

Na bi gida bakwai da safen nan. Ba wanda ya bar ni na gama ba da haƙurin. Wani dattijo da na riƙe masa babbar riga mako uku ya ce in na ƙara magana zai ɓata da ni, ya sa aka kawo mini fura.

Na buɗe shago, na kaɗe ƙura, na zuba wa keke mai. Shamsuddeen ya ɗago hannu daga can, mai guga ya ƙwala mini "Baban Bahijja!" har layin ya juyo. Na sunkuyar da kai kamar ina neman almakashi.

Na zauna zan sa zare. Sau huɗu ina kuskure kafar allura, idona ya ƙi tsayawa. Na goge da hannun riga. A na biyar ya shiga.